Daga Jirgin Sama Zuwa Kumbo: Tarihin Binciken Samaniya a Arewacin Nijeriya da Kalmomin da Ya Bar Wa Hausa

1.0 Gabatarwa

Shekara ta shida ke nan da aikin koyarwa ya raba ni da gida ya kawo ni Fataskum, inda na sami masauki a unguwar Dogo Nini. A nan ne wani dattijo maƙwabcina, manomi wanda Hausa ba harshen mahaifiyarsa ba ce amma ya iya ta kamar jakin Kano, ya yi mini tambayar da ta zama sanadin wannan maƙala. Muna zaune ne a ƙofar gida bayan la'asar muna sauraron hasashen damina a rediyo, sai ya ce, "Malam, wannan tauraron da suke cewa na ɗan Adam, a cikin ashirin da takwas ɗin nan na malamai wanne ne?" Na ce, "Baba, ba ya cikinsu. Ƙarfe ne aka ƙera aka harba sama." Ya yi shiru, can ya ce, "To, shi ma yana da kwanakinsa?"

Ban ba shi gamsasshiyar amsa ba a ranar. Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin yadda hukumomin gwamnati masu binciken samaniya suka taɓa wannan yanki namu, tun daga saukar jirgin farko zuwa taurarin da Nijeriya ta harba da kanta, tare da duba irin kalmomin da kowane zango ya tilasta wa Hausa ta samar. Ra'ayina shi ne, wasu daga cikin kalmomin nan sun yi mana aiki, wasu kuwa sun ɗauko wani ra'ayi na kimiyya da aka riga aka gyara, amma mu muna nan muna ta maimaita shi.

2.0 Hanyar Jirage da Ma'aunin Ruwa

A ranar 1 ga Nuwamba 1925 wasu jirage uku na rundunar sojan sama ta Ingila, ƙirar DH.9A, suka sauka a wani filin wasan dawaki a Kano a ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham. Daga Helwan ta ƙasar Masar suka taso, suka biyo ta Sudan da Chadi da Barno. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara jigila a kan wannan hanya daga Hartum zuwa Kano ta Maiduguri. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke kuwa, sai hanyar ta juya: daga 1940 ana harhaɗa jiragen yaƙi a Takoradi ta ƙasar Gana ta yanzu, a bi da su ta Ikko da Kano da Maiduguri har zuwa Alƙahira, kuma dubban jirage ne suka bi ta nan.

Duk wanda ya ɗora zare a kan taswira daga Kano zuwa Maiduguri zai ga ya gifta ta kusa da Fataskum. Saboda haka ba abin mamaki ba ne da garin ya sami filin saukar jirage da tashar auna yanayi tun zamanin Turawa. Abin lura a nan shi ne, matuƙin jirgi yana buƙatar sanin iska da hazo tun kafin gwamnati ta damu da sanar da manomi ranar shuka. To amma ma'aunin ruwa ba ya tambayar don wa aka kafa shi. Lissafin ruwan sama da ma'aikata suka riƙa rubutawa kullum a Fataskum da Nguru da Maiduguri da Kano, shekara bisa shekara, shi ne daga baya ya zama dukiyar da masana suka dogara da ita wajen fahimtar farin da ya auka wa Sahel.

Ta fuskar harshe, wannan zango bai wahalar da Hausa ba. Kalmar jirgi tana nan tun zamanin kwalekwale a kogi, an riga an yi jirgin ƙasa da layin dogo ya iso Kano a 1911, sai aka ƙara jirgin sama. Tsarin nan na suna da ma'auninsa ya ci gaba da haihuwa har zuwa jirgi mai saukar ungulu da jirgi marar matuƙi. A 1964 aka kafa makarantar horar da ma'aikatan jiragen sama a Zariya, wadda har yanzu take yaye matuƙa da injiniyoyi.

3.0 Tashar Kano da Zamanin Kumbo

Wannan shi ne zangon da 'yan baya suka fi mantawa da shi, alhali kuwa shi ne lokacin da ƙasar Hausa ta fi kusa da tsakiyar fagen. Amurka ta kafa hukumarta ta binciken sararin samaniya, wato NASA, a 1958, shekara guda bayan Rasha ta harba Sputnik a ranar 4 ga Oktoba 1957. Da hukumar ta ƙuduri aniyar aika mutum ya kewaya duniya a shirinta na Mercury, sai ta fuskanci wata matsala. Kumbon yana kewaya duniya cikin kimanin minti 90, kuma rediyonsa ba ya kaiwa sai inda yake bisa kai, don haka kowace tasha mintoci kaɗan kawai take jin sa kafin ya wuce. Dole ke nan a jera tashoshi a kewayen duniya, kowace ta karɓe shi ta miƙa wa ta gaba. An kafa kimanin 18, har da na cikin jiragen ruwa, kuma biyu daga ciki a Afirka suke: Zanzibar da Kano.

A ranar 20 ga Fabrairu 1962 John Glenn ya kewaya duniya sau uku a kumbon Friendship 7, cikin sa'a 4 da minti 55. A kewayensa na farko, bayan ya wuce tsibiran Kanari, ya shaida wa ma'aikatan tashar Kano cewa yana hango guguwar ƙura a ƙasa, su kuma suka gaya masa an yi mako guda ana iska mai ƙarfi. Bahaushe bai buƙatar a fassara masa wannan. Watan Fabrairu ne, ƙarshen hunturu, abin da Glenn ya gani kuwa shi ne wanda muke kira hazo idan ya tsaya, buji idan yana kaɗawa. Yakan ba ni mamaki cewa ɗaya daga cikin abubuwan farko da Ba'amurken farko da ya kewaya duniya ya lura da su a doron ƙasa shi ne abin da yake fasa mana kaushi a dunduniya kowace shekara. Sai bayan shekaru da dama ne taurarin ɗan Adam suka nuna sarai inda mafi yawan ƙurar take tasowa, wato kwarin Bodele a arewacin Chadi, busasshen gindin tsohon tafki, wanda yake cikin manyan maɓuɓɓugan ƙura na duniya. Iskar arewa maso gabas ce take kwaso ta ta biyo da ita ta kanmu, wani kaso ma har ya tsallake tekun Atilantika.

An rufe tashar Zanzibar a 1964 bayan juyin juya halin tsibirin. Ta Kano ta ci gaba da aiki har cikin shirin Gemini, kafin ita ma a rufe ta a cikin shekarun 1960. A tsakanin nan an yi wani abin tarihi: ranar 23 ga Agusta 1963 Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa da Shugaba John Kennedy suka yi magana ta wayar tarho ta tauraron Syncom 2, ta hanyar jirgin ruwan Kingsport da ke tsaye a tashar Ikko. Ita ce hira ta farko kai tsaye tsakanin shugabannin gwamnatoci biyu ta tauraron ɗan Adam.

A wannan zamani ne Hausa ta yi rawar gani. Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shiri a watan Maris 1957, watanni kaɗan kafin Sputnik, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo kuwa tana fitowa tun 1939, don haka labarin tseren samaniya ya zo daidai lokacin da ake da masu fassara waɗanda tilas su fitar da kalma kafin lokacin labaru ya yi. Kalmomi biyu suka zauna daram: tauraron ɗan Adam da kumbo. Ta farko siffantawa ce. Ta biyu faɗaɗa ma'ana ce, domin kumbo a asali mazubi ne na ƙwarya, kuma a ganina siffar abin da aka gani a hoto ce ta jawo masa sunan. Shaidar karɓuwarta ita ce Alhaji Mamman Shata ya yi waƙar Kumbo Apollo 11 bayan saukar da aka yi a duniyar wata a watan Yuli 1969. A shekarar ne kuma aka buga littafin Umaru Dembo, Tauraruwa Mai Wutsiya, wanda ya kai yaro Bahaushe yawo sararin samaniya. Har ciwon idon da ya ɓarke a Afirka ta Yamma a 1969 ya gaji sunan kumbon, shi ya sa har gobe ake cewa wane ya kamu da afolo, ko da mai faɗar bai taɓa jin labarin Neil Armstrong ba.

Sai dai tambayar maƙwabcina ta tona wani rauni a kalmar tauraron ɗan Adam. A wurin manomi, tauraro ba ɗigon haske ba ne kawai kamar Zara ko Gamzaki ko Kaza da 'Ya'yanta. Tauraro ma'aunin lokaci ne. Malaman hisabi sun kasa shekara zuwa manzili 28, kowanne kwana 13 in ban da guda mai 14, jimla 365, bakwai ga kowane yanayi. Na damina su ne Haƙa'a da Hana'a da Zira'a da Nasara da Ɗarfa da Jabaha da Harsan, kowanne da irin ruwan da ake sa rai a cikinsa da irin aikin gonar da ya dace da shi. Wanda ya tashi a cikin wannan ilimi, in aka ce masa tauraro ya nuna za a yi ruwa, to ya ji wata magana ce daban da wadda mai karanta labaru yake nufi.

4.0 Fari, Tafkin Chadi da Maganar Hamada

An harba tauraron Landsat na farko ranar 23 ga Yuli 1972, daidai lokacin da farin 1972 zuwa 1974 yake cinye dabbobi da amfanin gona daga Senegal har Habasha. Wannan haɗuwa ta sa Sahel ta zama ɗaya daga cikin wuraren farko da aka yi nazarin bala'insu daga sama. Farin ne kuma ya sa aka kafa cibiyar AGRHYMET a Yamai a 1974 domin haɗa ilimin yanayi da na ruwa da na noma.

Hotunan Tafkin Chadi su ne suka fi shahara. Faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960. A cikin farin 1970 da 'yan kai ya rabu gida biyu, kashin arewa, wanda kogin Komadugu Yobe yake zuba a cikinsa, ya riƙa ƙafewa, kuma bayan farin 1983 zuwa 1984 buɗaɗɗen ruwan da ya rage bai kai kashi ɗaya cikin goma na da ba. An gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 a can saman kogin, abin da ya ƙara rage ruwan da yake isowa fadamun Haɗeja da Nguru.

Abin da ya fi shafar mu masu nazarin harshe shi ne bayanin da aka yi wa farin. A 1975 wani masanin yanayi Ba'amurke, Jule Charney, ya kawo ra'ayin cewa idan dabbobi suka cinye ciyawa ƙasa ta yi fari fat, takan mayar da hasken rana sama, iska ta kasa tashi ta haɗa hadari, ruwa ya ragu, ciyawa ta ƙara mutuwa. Ra'ayin ya yi daidai da abin da hukumomi suka daɗe suna zato, wato makiyayi da mai saran itace su ne suke jawo hamada. A wannan yanayi ne kalmomin gurgusowar hamada da kwararowar hamada suka shigo Hausar rediyo da ta littattafan makaranta. A duba aikatau ɗin da kyau: abin da yake gurgusowa ko kwararowa gaba kawai yake yi, ba ya komawa. To amma a 1991 Compton Tucker na NASA da abokan aikinsa suka nuna, ta hotunan taurarin NOAA na shekarun 1980, cewa iyakar Sahara takan matso kudu a shekarar ƙarancin ruwa, ta ja da baya a shekarar wadata. Binciken Chris Folland a 1986 da na Alessandra Giannini a 2003 kuma suka nuna cewa babban abin da yake juya daminar Sahel shi ne ɗumin ruwan tekuna, ba kofaton shanu ba. Wannan bai kore zaizayar ƙasa da tudun rairayi da ke binne gonaki a arewacin Yobe ba, abu ne da ido yake gani. Amma a gari irin Fataskum, mai ɗaya daga cikin manyan kasuwannin shanu na Afirka ta Yamma, ba ƙaramin abu ba ne a ce kalmar da muke koya wa ɗalibai tana ɗauke da tuhumar da kimiyya ta riga ta sassauta. Ni dai a aji nakan fi son in ce lalacewar ƙasa, in bar wa hamada kai da kawowarta.

5.0 Nijeriya Ta Harba Nata

A watan Mayu 1999 aka kafa Hukumar Bincike da Bunƙasa Harkokin Sararin Samaniya ta Ƙasa, wadda aka fi sani da NASRDA, da Farfesa Robert Boroffice a matsayin shugabanta na farko. Hedkwatarta tana Abuja, tana kuma da cibiyoyi a Jos da Toro da Nsukka da Ile-Ife da Epe da Anyigba. Ranar 27 ga Satumba 2003 aka harba NigeriaSat-1 daga Plesetsk ta Rasha. Kamfanin SSTL na Ingila ne ya ƙera shi, ya shiga ƙungiyar taurarin sa ido kan bala'o'i, har ya ɗauko hotunan ɓarnar guguwar Katrina a Amurka a 2005, ya kuma yi aiki har 2012. Tauraron sadarwa NigComSat-1, wanda aka harba daga ƙasar Sin a watan Mayu 2007, ya mutu a Nuwamba 2008 saboda matsalar faifan da ke tara masa wutar rana, aka maye gurbinsa da NigComSat-1R a Disamba 2011. A ranar 17 ga Agusta 2011 kuma aka harba NigeriaSat-2, mai iya rarrabe abu mai faɗin mita 2.5 a ƙasa, tare da NigeriaSat-X wanda injiniyoyin Nijeriya suka harhaɗa da hannunsu a Ingila. Shekara bakwai aka ƙayyade wa NigeriaSat-2, wato wa'adinsa na asali ya cika tun 2018. Ashe ke nan tambayar dattijon tana da amsa: tauraron ɗan Adam ma yana da kwanakinsa.

Duk sunayen nan ba na Hausa ko ɗaya, ba kuma na wani harshen Nijeriya. Sojojin sama ne suka bi wata hanyar. Jirgi marar matuƙi da suka ƙaddamar a Kaduna a Disamba 2013 sunansa Gulma, na Fabrairu 2018 kuwa Tsaigumi. Wanda ya raɗa waɗannan sunaye ya san aikin jirgin, ya kuma san Hausa, domin ɗan leƙen asirin da yake gani ya kai rahoto ba shi da sunan da ya fi wannan dacewa.

6.0 Hasashen Shekara

Aikin shekara-shekara da yake isowa ƙofar gida a Dogo Nini ba na NASRDA ba ne kai tsaye. Na Hukumar Kula da Yanayi ta Nijeriya ne, wato NiMet, wadda doka ta kafa a 2003, ita ce kuma ta gaji tsofaffin tashoshin nan na zamanin jirage. A farkon kowace shekara takan fitar da hasashen damina: lokacin faɗuwar ruwa, lokacin ɗaukewarsa, tsawon damina, da inda ake tsoron ruwa zai ɗauke a tsakiya. Ana gina hasashen ne a kan ɗumin tekuna da taurari suke aunawa da kuma tsohon lissafin tashoshi irin ta Fataskum. A shekarun baya-bayan nan hukumar takan fitar da fassararsa cikin Hausa da wasu manyan harsuna, abin a yaba.

Amma mai fassarar yana aiki ne da kayan da ba su cika ba. Kalmar yanayi ita kaɗai take ɗauke da halin da sama take ciki yau, da halin da ƙasa ta saba da shi cikin shekara talatin, da kashe-kashen shekara irin su bazara da kaka, ban da yanayin siyasa da na rashin lafiya. Idan aka ce sauyin yanayi, mai sauraro yana iya ɗauka shigowar hunturu ake nufi. Haka sararin samaniya yake nufin inda jirgin sama yake bi da kuma inda kumbo yake zuwa, alhali a ɗaya akwai iska a ɗaya babu. Mafi wuya duka shi ne yiwuwa. Hasashen kimiyya ba ya cewa za a yi, cewa yake yi an fi sa ran kaza da kashi kaza, kuma ranar faɗuwar ruwa da yake bayarwa tana da 'yan kwanaki gaba da baya. In aka fassara wannan da za a yi ruwa ranar kaza, an yi wa hukumar ƙarya. In aka ce mai yiwuwa, ba a gaya wa manomi abin da bai sani ba. Littafin Hausa Metalanguage na 1990 ya yi mana wannan aiki a fannin nazarin harshe da adabi, kuma irinsa ake buƙata a zauna a yi tsakanin masana harshe da masana yanayi da manoma kansu. Ban ma taɓo Bolanci da Karekare da Ngizim da Ngamo ba, waɗanda Russell Schuh da abokan aikinsa na Yobe suka yi wa ƙamus, waɗanda kuma masu su a Hausa suke jin hasashen, wato fassara a kan fassara.

A daminar da ta wuce maƙwabcina bai jira ranar rediyo ba. Ya yi binne a rabin gonarsa tun ƙasa tana busasshiya, ya bar rabin sai ruwa ya jiƙa ta sosai. Da na tambaye shi dalili, sai ya ce, "Malam, rabi na malamai ne, rabi na ƙarfenku." Sa'an nan ya roƙe ni in samo masa takardar hasashen shekara mai zuwa ta Hausa, jikarsa da ke aji biyar za ta karanta masa.